Ciki Ba Don Ɓoye Ciwo Aka Yi Shi Ba

Akwai wata taswirar gari da ba a sayar da ita a kasuwa, ba ta kuma cikin wayar kowa. Tana cikin kan mutumin da hanjinsa ba ya yi masa sallama kafin ya taso. Ya san masallacin da bayinsa ke buɗe tun asuba. Ya san gidan man da ba a sa wa ban-ɗakinsa kwaɗo, ya san gidan wanka da ba-haya na bakin tasha da nawa ake biya. Kafin ya sa ƙafa a mota ya gama lissafin inda zai roƙi direba ya tsaya. In an yi walima a wurin aiki, shi ne mai cewa ya ƙoshi, alhali tun safe bai sa komai a bakinsa ba, don ya san abin da loma uku za su jawo masa.

Da wannan mutumin nake magana yau. Kai tela da kake miƙewa daga kan keke sau takwas kafin azahar. Kai direba da kake ɗaukar fasinja daga Kano zuwa Abuja, cikinka a tamke kamar an ɗaure shi da igiya. Ke malamar firamare da kike miƙa wa monita alli ki fita da sauri. Kai birkila, kai mai faci, ke mai tuyar ƙosai, ke ma'aikaciyar jinya da kike kwana a kan marasa lafiya alhali ke ma gadon kike bukata. Sannunku da aiki, sannunku da ƙoƙari. Aiki biyu kuke yi a kan lada ɗaya: wanda ake gani, da wanda ba wanda ya san kuna yin sa.

Na san abin da kunnuwanku suka sha. "Kai kullum ciki, kullum ciki, sai ka ce mai juna biyu?" "Son jiki ne kawai." "Basir ne, ka nemi saiwa." Wata ta ce sanyi ne, wani ya ce a dai bincika, ruwa ba ya tsami banza. Mafi zafi ita ce maganar da ba a yi a gabanka: an ga ka rame, an ji zawo ya ƙi tsayawa, sai a fara kallon juna ana raɗa sunan wata cuta daban. Kai kuma sai ka ja bakinka ka tsuke, domin an raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maganar tana da muhallinta, a kan sirrin gida da amanar aboki. Ba a yi ta don mai zubar da jini ya ɓoye wa likita ba.

Ciwon nan yana da suna, kuma ba yau aka san shi ba. A 1932 likitoci uku na asibitin Mount Sinai da ke birnin New York a Amurka, Burrill Crohn da Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka wallafa bayanin marasa lafiya 14 masu kumburi a ƙarshen ƙaramin hanji. Sunan Crohn ne ya zo farko a takardar, sai ya bi cutar har yau, kuma Kuron ake furta shi. Tun 1913 wani likitan fiɗa ɗan Sikotland, Kennedy Dalziel, ya riga ya ba da labarin irinta, sunan ne dai bai bi shi ba. Tana da 'yar'uwa, gyambon babban hanji, wadda likitoci ke kira kolaitis. Ita wannan a babban hanji kaɗai take tsayawa, tana farawa daga ƙasa ta hau sama a jere. Ita kuwa cutar Crohn ba ta da iyaka: daga baki har dubura ko'ina tana iya sauka, ta ci nan, ta tsallake can, ta sake ci gaba. Kuma ba a saman fatar hanji take tsayawa ba, nutsawa take cikin kaurinsa. Shi ya sa take iya tsuke hanya har abinci ya kasa wucewa, ko ta huda wata ɓarauniyar hanya daga hanji zuwa fata ko mafitsara, ko ta tara ƙurji a gefen dubura wanda aka fi yi wa kallon basir.

Abin da ke faruwa a ciki kuwa, ka ɗauka maigadi ne ya ruɗe. Allah ya sa wa jiki garkuwa da ke korar baƙin ƙwayoyin cuta. A wannan ciwo sai maigadin ya daina bambance ɓarawo da ɗan gida, ya juya sandarsa a kan bangon hanjin da aka sa shi tsaro. Gado yana da hannu a ciki, ƙananan halittun da ke zaune a hanjin kowa suna da hannu, yanayin rayuwa ma haka. Amma ka ji wannan da kyau: ba wani abu ka ci ba, ba ƙazanta ba ce, ba alhakin wani ba ne. Cutar ba ta bin kwano, ba ta bin buta, ba ta bin shimfiɗa. Ta fi kama mutum tsakanin shekara 15 da 35, daidai lokacin da yake koyon sana'a, yake neman aure, yake son ya tsaya da ƙafarsa. Wani babban ƙiyasi na shekarar 2017 ya sa masu ɗauke da cututtukan nan biyu a kusan mutum miliyan 7 a duniya. Ba kai kaɗai aka zaɓa ba.

Gajiyar da ake kira ragwanci ma tana da dalili. Jini yana tsiyaya kaɗan-kaɗan, wani lokaci ido ba ya ganinsa. Hanjin da ya kumbura ba ya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata, kuma ƙarshen ƙaramin hanji, inda cutar ta fi son zama, nan ne jiki ke karɓar sinadarin B12 da ake bukata wajen ƙera jini. Ga rashin barci, ga zazzaɓin dare. Wasu har gaɓoɓi suke yi musu ciwo, ido ya yi ja, baki ya fashe. Mutumin da ke ɗauke da wannan duka, ya kuma tashi da asuba ya tafi nema, wanda ya kira shi rago bai san ma'anar kalmar ba.

Sai dai in faɗa maka gaskiya, don kada ka karanta wannan ka yanke wa kanka hukunci. A ƙasashenmu yawancin zawo mai jini ba wannan ba ne. Atini ya fi yawa, ga tsutsar ciki, ga taifot, ga basir ɗin na gaske. Akwai kuma tarin fuka da ke sauka a hanji maimakon huhu, wanda ke kama da cutar Crohn kamar an tsaga kara, har likitoci kan sha wuya kafin su raba su. Rabewar kuwa ba wasa ba ce, domin magungunan Crohn kwantar da garkuwar jiki suke yi, in aka ba mai tarin fuka sai a hura masa wuta. An daɗe ana ɗaukar cutar Crohn a matsayin cutar Turawa, shi ya sa ba a cika neman ta a jikin baƙar fata ba. Yanzu ana ganin ta tana ƙaruwa a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka. Abin da ke raba gardama shi ne gwaji: a auna jini, a auna bayan gida, sannan a zura siririyar na'ura mai kyamara ta dubura a leƙa hanjin, a tsinko ɗan nama a duba. Kolonoskofi ake ce masa, kuma manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna yin sa. Na san inda zuciyarka ta tsaya. Namiji da gemunsa, magidanci, a ce ta nan za a bi? Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar rabin awa ce, a kan shekarun da ka yi kana shan maganin cutar da ba ita ke damunka ba.

To, ana warkewa? Har yau ba a sami maganin da ke tumɓuke ta ba, kuma duk wanda ya ce maka yana da shi a jarka, aljihunka yake so. Amma tana lafawa. Da magani mai kyau tana iya kwanciya wata da watanni, har shekaru, mutum ya yi ƙiba, ya yi aikinsa, ya manta da taswirar nan ta cikin kansa. Ciwo ne mai tashi da kwanciya, kuma duk dabarar zama da shi ita ce a tsawaita kwanciyar, a gajarta tashin.

Masu kallon ƙwallo sun san Darren Fletcher, tsohon ɗan wasan tsakiya na Manchester United. Mutum ne da a lokacin sana'arsa gudu ce na minti 90 a gaban dubban jama'a, a filin da ba wurin ɓuya. Gyambon babban hanji ya kama shi yana kan ganiyarsa. Ya daɗe yana ɓoyewa, yana ramewa, 'yan kallo suna tambayar ina ya shiga. A Disambar 2011 aka fito fili aka faɗi sunan ciwon, ya ajiye takalmi ya tafi jinya. Ya dawo, ciwo ya sake kayar da shi. A Janairun 2013 aka yi masa tiyata. Kafin shekarar ta ƙare ya sake sa rigar ƙungiyarsa. A 2015 ya koma West Brom, aka ɗaura masa ƙyallen kyaftin, ya kuma buga wasan lig 91 a jere bai rasa ko ɗaya ba. Mutumin da aka gama yi wa ta'aziyyar sana'arsa ke nan.

Ba shi kaɗai ba ne. Shugaban Amurka Dwight Eisenhower, a watan Yunin 1956 aka kwantar da shi aka yanka cikinsa saboda wannan kumburi na ƙaramin hanji, yana da shekara 65. A Nuwamban shekarar ya sake cin zaɓe. Shinzo Abe na Japan ciwon babban hanji ya sa ya sauka daga kujerar firaminista a 2007, aka yi ta yi masa kallon wanda ya gaza. Ya dawo a 2012, ya zama wanda ya fi kowa daɗewa a kan kujerar a tarihin ƙasarsa, kafin ciwon ya sake sa shi ajiye mulki a 2020.

Na ji ka. Ka ce waɗannan masu kuɗi ne, likitoci na bin su da jaka, kai kuwa kuɗin kati ma sai an yi lissafi. Gaskiyarka, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba: wanda ke da shi ya fi samun sauƙi. Amma duba abin da ya haɗa su ukun. Kowannensu sai da ya tsaya. Ya ajiye aikin, ya bari aka kira ciwon da sunansa, aka yi masa magani, sannan ya koma. Ciwon da ya zaunar da shugaban ƙasa, in ya zaunar da kai sati biyu ba gazawarka ba ce. Wanda ya faɗi shi ne wanda ya bar sana'ar gaba ɗaya ya shige ɗaki saboda kunya, kuma wannan ne nake roƙonka kada ka yi. Ciwon ya taɓa hanji. Hannunka da ya iya yanka yadi yana nan, idonka da ya san hanya yana nan, kanka da ya iya lissafin ciniki ba abin da ya same shi.

Akwai kuma abubuwan da ke hannunka, waɗanda ba sa bukatar dukiyar Fletcher, kuma na farkonsu yana bakin kemis. Lebura ya tashi aiki da yamma, jiki ya yi tsami, sai ya biya ya ce a haɗa masa na gajiya. A cikin haɗin nan da wuya a rasa diclofenac ko ibuprofen. Ga mai kumburin hanji waɗannan fetur ne a kan garwashi: suna iya tayar da ciwon da ya kwanta, su ƙara zubar jini. In ciwon jiki ya matsa, paracetamol ya fi aminci, shi ma bisa ƙa'ida. Haka maganin tsayar da zawo da direbobi ke haɗiya kafin doguwar tafiya: ranar da akwai jini da zazzaɓi, kada ka kusance shi sai da izinin likita, don yana iya sa hanji ya kumbure ya tsaya cik. Sai masu mota da lasifika a bakin kasuwa, masu maganin basir mai wanke ciki. Hanjin da ke da gyambo ba wanki yake nema ba. Sigari kuma, ga mai cutar Crohn, tana yawaita tashin ciwon, tana kusanto da wuƙar likita. Duk maganin da za ka saya bai kai barin ta araha ba.

Maganin asibiti ma yana da ladabinsa. Prednisolone ana ba da shi ne don a kashe gobara idan ciwo ya tashi. Yana aiki da sauri, sai mutum ya ji kamar an sake haihuwarsa, ya ci gaba da saya da kansa. A nan ake faɗawa rami: daɗewa a kansa yana kumbura fuska, yana rarake ƙashi, yana tayar da sukari da hawan jini, kuma ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake saukowa. Masu riƙe ciwon a kwance daban ne, irin su azathioprine da methotrexate, da mesalazine ga masu gyambon babban hanji, kuma suna tafiya ne da gwajin jini lokaci-lokaci. Akwai allurai na zamani irin su infliximab, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1998, masu ƙarfi, masu tsada. Babban kuskuren ma'aikaci shi ne ranar da ya ji sauƙi sai ya ajiye magani don ya rage kashe kuɗi. Sauƙin nan maganin ne ya kawo shi. Ka ajiye, ka biya ninki a gadon asibiti.

Abinci kuwa ba doka ɗaya ga kowa, kowane hanji da halinsa. Ka sayi ƙaramin littafi, ka riƙa rubuta abin da ka ci da abin da ya biyo baya. Cikin wata guda za ka san abokinka da maƙiyinka fiye da yadda wani zai faɗa maka. Ranar tashin ciwo yawancin mutane sun fi samun sauƙi da abu mai laushi, kaɗan-kaɗan sau da yawa: kunu, farar shinkafa, faten dankali, ƙwai, kifi, ayaba. Wanda aka ce masa hanjinsa ya tsuke, ya yi hattara da gyaɗa da aya da gasasshiyar masara da ɗanyen ganye. Amma kada tsoro ya sa ka daina ci, yunwa ma cuta ce, kuma mai ɗaukar bulo ba ya aiki da iska. In zawo ya yi yawa, ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, sukari cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin cokalin shayi.

Sai wurin aiki, inda yawancin wahalar take. Ka zaɓi mutum ɗaya mai hankali, oga ne ko abokin aiki, ka faɗa masa. Ba sai ka tara jama'a ba. "Ranka ya daɗe, ina da ciwon hanji mai tashi da kwanciya, ga takardar likita. Ba ya yaɗuwa. Abin da nake roƙo shi ne in na miƙe kada a tsare ni da tambaya, kuma ranar asibiti a ba ni dama." Magana ta ƙare. Ma'aikacin albashi ya sani cewa dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba shi har kwana 12 na aiki a shekara na rashin lafiya da biyansa, muddin likita ya shaida. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba. Mai sana'ar hannu kuwa ba shi da oga sai Allah, don haka shi zai yi wa kansa dokar: ranar ƙarfi a tara wa ranar rauni. Ka shiga adashi, ka ware na magani kafin na cefanen marmari. Ka koya wa yaron shagonka aikin da gaske, har ya iya riƙe maka wuri sati guda ba tare da abokan ciniki sun watse ba. In ciwonka ya fi matsawa da safe, kamar yadda yake yi wa da yawa, ka mai da aikin ƙarfi zuwa hantsi. Ka riƙe 'yar jaka da wando na canji da sabulu da leda. Soja ba ya jin kunyar ɗaukar kayan yaƙinsa.

Ke kuma 'yar'uwa, naki ya ninka, na sani. Ga aiki, ga tukunya, ga dangin miji masu ƙirga ƙasusuwan wuyanki. Ki sani mata masu wannan ciwo suna aure, suna haihuwa, suna shayarwa. Abin da ake so shi ne ciki ya shiga lokacin da ciwon yake kwance, kuma likita ya sani tun kafin nan, domin akwai magani irin methotrexate da ba ya haɗuwa da juna biyu sam. Ki tafi da maigidan asibiti ko sau ɗaya, ya ji daga bakin likita. Abin da kika shekara kina faɗa bai shiga ba, farar riga kan shigar da shi cikin minti biyar.

Wasu abin da ya fi ci musu rai ba ciwon ba ne, alwala ce da azumi. Mutum ya yi alwala sau uku kafin ya idar da salla ɗaya, ya fara zargin kansa. Malaman fiƙihu sun san da mai salisi, wanda abu ke fita masa ba da ikonsa ba, kuma sun sauƙaƙa masa. Marar lafiya an yi masa rangwame a azumi. Ka tambayi malami, ka tambayi likita, ka ɗauki sauƙin da aka ba ka ba tare da ɗar-ɗar ba.

Akwai ranar da ba a jira gari ya waye: ciki ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa, ba bayan gida ba tusa, ko jini ya ɓalle, ko zazzaɓi mai zafi da murɗar da ba ka taɓa ji ba. Wannan asibiti ne kai tsaye. In aka ce tiyata, kada gwiwa ta yi sanyi. Da yawa daga masu cutar Crohn sukan bi ta ƙarƙashin wuƙa ko sau ɗaya, a yanke inda ya lalace a haɗa, su tashi su koma nema. Wasu akan fitar musu da bakin hanji ta gefen ciki a manna jaka, na ɗan lokaci ko na dindindin, kuma da jakar a ƙarƙashin riga suke tuƙi, suke koyarwa, suke ciniki, ba wanda ya sani.

Kai kuma mai shago, shugaban makaranta, shugaban tasha, da kake da irin wannan mutum a ƙarƙashinka: buɗe masa ƙofar bayi bai rage maka ko sisi ba. Wanda ya iya zuwa aiki da wuta a cikinsa, ranar da ya samu lafiya ba ka da ma'aikaci kamarsa.

Daren yau ka samu takarda da biro. Rubuta tun yaushe abin ya fara, sau nawa kake zagayawa a yini, ko yana tashinka cikin dare, ko akwai jini, ko wandonka ya yi maka yawa, da duk maganin da ka sha, na kemis da na gargajiya. Kada ka aika ƙaninka ya yi maka bayani. Ka zauna gaban likita ka faɗa da bakinka: "Likita, zawon nan ya wuce wata guda, ina ramewa, ina so a leƙa hanjina." In an gano, ka karɓi maganinka ka riƙe shi da kyau. Sannan ka koma kan kekenka, Malam. Masu ɗinki suna jira.